Kama Ƙamshi a Kwalba: Daga Tukunyar Mazarƙwaila Zuwa Man Ɗaɗɗoya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin dafa mazarƙwaila a ƙasar Makarfi, ko a Nasarawan Doya ko a ƙauyukan da ke kan hanyar Kudan, ya san yadda tururi ke turnuƙe wurin. A gefe ana cusa rake cikin injin, ruwansa na tsiyaya cikin duro, a gefe kuma an hura wuta da busasshiyar tuƙa ƙarƙashin babban kasko. Mai dafawa yana kwashe kumfa, yana duban kauri, yana jiran lokacin da zai sauke ya zuba a ƙananan kwanoni. Tururin bai dame shi ba. Ya tafi duk inda iska ta kai shi, domin dukiyarsa tana cikin abin da ya rage a kasko.

Akwai wata sana'a da ke amfani da wuta da tukunya da haƙuri iri ɗaya, amma ta juya lissafin. Mai ita tururin yake bi, abin da ya rage a tukunya kuwa taki ne. Sana'ar ita ce fitar da man ƙamshi daga ganyaye da kayan yajin da muke zubawa a miya da shayi da kunu: ɗaɗɗoya, na'a-na'a, citta, kanumfari, kimba, masoro, da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da wasu ke kira tsauri, 'yan birni kuma suke cewa lemongiras. 'Yan shekarun nan maganar ta yawaita a bakin matasa masu neman sana'a da mata masu haɗa humra da sabulu, kuma akwai ruɗani sosai a cikinta.

Ruɗanin ya fara ne daga kalmar mai. A wurinmu man gyaɗa mai ne, man riɗi mai ne, man kaɗe da man darbejiya da man habbatus sauda duk mai ne, kuma duka matse su ake yi. Iyayenmu mata sun gwanance a kai: a soya gyaɗa, a niƙa, a yi ta juya tunkuza ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Irin wannan man maiƙo ne, yana zama inda aka zuba shi. Man ƙamshi wani abu ne dabam. Ba shi da maiƙo na haƙiƙa, kuma ba ya zama, tashi yake yi. Ki tsinki ganyen ɗaɗɗoya a bayan ɗaki ki murza tsakanin yatsu biyu. Ƙamshin da ya bugi hancinki ya fito ne daga wasu ƙananan jakunkuna da ke jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani, da kika fasa su. Bayan ɗan lokaci ki sake shinshina yatsun, za ki ji ya ragu, domin man ya bi iska. Wannan ɗan abin da ke gudu shi ake son a kama a kwalba.

Na taɓa sayen wata ƙaramar kwalba a kasuwa da aka rubuta mata man kanumfari zalla, da kuɗi masu ɗan kauri. Da na ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda na bar ta ta kwana, sai na tarar da tabon maiƙo shimfiɗe kamar na takardar ƙosai. Man girki ne aka jiƙa kanumfari a ciki. Man ƙamshi na gaskiya yakan tashi ya bar takarda kusan yadda take, in ban da ɗan launi da wasu kan bari. Abin ya yi mini ciwo, kuma ina kyautata zaton mai sayarwar ma bai san bambancin ba.

Jiƙon shi ne hanya mafi sauƙi, kuma ba aibu ba ne in an kira shi da sunansa. A busar da ganye sarai, a zuba a kwalba, a rufe shi da man zaitun ko man riɗi ko man kwakwa, a ajiye mako biyu ko uku ana girgizawa, sannan a tace. Maiƙo yana jan ƙamshi, shi ya sa man shanu ke ɗaukar warin duk abin da aka ajiye kusa da shi. A garin Giras na ƙasar Faransa, cibiyar turare tun ƙarni na 18, an daɗe ana shimfiɗa furanni a kan kitse ana sauya su har kitsen ya ƙoshi da ƙamshi. Abin da ke fitowa daga jiƙo yana da amfani wajen shafawa da girki, amma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai a kan na man da aka tatsa. Kuma akwai haɗari ɗaya da ya kamata kowace mai girki ta sani: ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen ganye da aka nutsar cikin mai aka ajiye a ɗaki mai zafi na iya haifar da wata ƙwayar cuta mai dafin da ke shanye jiki, kuma ba lallai wari ko launi su nuna ba.

Matsewa kuwa a fagen ƙamshi ɓawon lemu kaɗai take yi wa aiki sosai. Kowa ya taɓa tsayawa kusa da mai fere lemu har feshin ɓawon ya shiga masa ido. Wannan feshin man ƙamshi ne tsantsa, domin jakunkunansa manya ne kuma suna saman ɓawo. A kudancin Italiya da soso ake tsane shi a dā, yanzu kuma inji ke kankare ɓawon a wanke da ruwa a raba. Ganyen na'a-na'a ko na ɗaɗɗoya in ka matse su, koren ruwa kawai za ka samu.

Hanyar da mafi yawan man ƙamshin duniya ke bi ita ce ta tururi, kuma duk macen da ta taɓa turara dambu ta riga ta san rabinta. Tukunyar ruwa a ƙasa, madambaci mai huji a sama, a liƙe tsakaninsu kada tururi ya tsere. Maimakon tsaki, sai a cusa ganye. Tururi yana ratsa ganyen, zafinsa ya fasa jakunkunan, man ya tashi ya biyo shi. Bambancin yana wurin murfi. Murfin nan a rufe yake ruf, da bututu a samansa, bututun kuma ya lanƙwasa ya nannaɗe cikin duron ruwan sanyi. Da tururin ya ji sanyi sai ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa, bayan ɗan lokaci sai ka ga siririn layi mai ruwan ɗorawa ya kwanta a sama. Sai a zare ruwan ta ƙasa, a bar man.

Abin mamaki a nan shi ne zafin. Sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa ba ya tafasa shi kaɗai sai zafi ya kai wajen digiri 254 a ma'aunin Salshiyas, na tsauri kuma wajen 229. Da za a ɗora su a wuta kai tsaye, da sun ƙone kafin su tashi. Amma idan suna tare da tururin ruwa, ƙarfin tashin kowanne yana haɗuwa da na ɗayan, sai su fito tare a ƙasa kaɗan da digiri 100. Ruwa ne ke goya man ya ƙetare da shi ba tare da ya ƙone ba.

Wasu kan zuba ganyen cikin ruwan kai tsaye su tafasa. Wannan ya fi sauƙin kaya, kuma shi ya dace da fure mai laushi da garin abu, waɗanda kan dunƙule su toshe hanyar tururi. Illarsa ita ce in ruwa ya ja baya ganye ya kama gindin tukunya, ƙauri ya shiga man, kuma ba ya fita. Ɗaliban jami'a da ke gwada yawan man da ke cikin ganye da wannan hanyar suke aiki, da wata na'urar gilashi da wani masani Ba'amurke mai suna Clevenger ya bayyana a 1928, wadda har yau sunansa take amsawa. Manyan masana'antu kuma tukunyar ruwansu dabam take, bututu ne ke kai tururi gindin tankin ganye, don a iya sarrafa ƙarfinsa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Alkindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsarsa, mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da 100. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ana jingina masa kyautata tatsar furen wardi. Sunan da Turawa ke kiran tukunyar tatsa da shi ma daga Larabci suka are shi, al'inbiƙ. Alhazanmu da ke dawowa da turaren wardi na Ɗa'ifa, abin da suke riƙe da shi daga tukwanen jan ƙarfe ya fito, ta wannan hanya, kuma da ruwan wardin ake gauraya zamzam a wanke Ka'aba. A garin Kannauj na Indiya har gobe da yumɓu ake liƙe murfin tukunya, gora ce bututu, tulun da ke karɓar tururin kuma yana nutse cikin kwarmin ruwa da man sandal a cikinsa. Har gasasshen yumɓu suke turarawa su kama ƙamshin ƙasa na ruwan farko, wanda duk manomi a nan ya san shi ranar da damina ta sauka. Babu wutar lantarki a aikin nan ko kaɗan.

Kowane tsiro da halinsa, kuma a nan gwaninta take. Man kanumfari ya fi ruwa nauyi, don haka wani kaso nasa ƙasa yake nutsewa. Wanda bai sani ba sai ya zubar da dukiyarsa yana neman ta a sama. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya sun fi mai idan sun fara fure, a yanke su bayan raɓa ta bushe, a bar su su yi laushi a inuwa kwana ɗaya. Shanya su a rana tsaka asara ce, domin ƙamshin da kake ji yana tashi daga shanyar man ne ke tafiya. Tsauri a daddatsa shi, a danna shi sosai a tukunya, musamman ta gefe, saboda tururi kamar ruwan sama yake, inda ya sami rami nan yake bi. Ganye kan gama bayar da mansa cikin awa biyu zuwa uku, amma saiwa da 'ya'yan itace masu tauri sai an daka su, kuma sukan ci awoyi masu yawa. Ɗaɗɗoya ma iri-iri ce: wata ƙamshinta ya karkata ga na kanumfari, wata kuma ga na za'atar, ko da yake a ido kusan ɗaya suke, kuma mai saye yana son ya san wacce aka kawo masa.

Citta ta fi kowanne ba da darasi. In ka turara busasshiyar citta za ka sami mai mai daɗin ƙamshi, amma ka ɗanɗana ba za ka ji yajin da ka saba da shi ba. Sinadarin da ke yaji ba ya bin tururi, a tukunya yake zama. Haka barkono, wanda ƙasar nan tamu ta Zazzau ke nomawa buhu-buhu: turara shi ɓata itace ne, domin zafinsa da jansa ba sa tashi. Don su ne ake amfani da hanya ta huɗu, wato wanke garin da wani sinadari mai narkar da mai, kamar hekzen ko itanol, sannan a kori sinadarin da ɗan zafi a bar wani abu mai kauri kamar zuma, wanda ya haɗa ƙamshi da yaji da launi. Shi ne kamfanonin abinci ke sawa a lemon kwalba da biskit da kayan ɗanɗano. Jihar Kerala ta Indiya ta yi fice a wannan, inda kamfanin Synthite ya fara aiki a 1972. Sai dai hekzen ɗan'uwan fetur ne, tururinsa na kamawa da tartsatsi ɗaya, kuma sai da awo ake tabbatar da bai rage a cikin abin da mutane za su ci ba. Ina roƙon duk wanda ya ga ana yin haka a bidiyon waya kada ya gwada a tsakar gida.

Akwai kuma hanya ta zamani, wadda ake matsa iskar da muke fitarwa a numfashi har ta wuce digiri 31 da matsi kusan ninki 73 na iskar sarari, ta zama tsakanin ruwa da iska, ta ratsa gari ta kwaso mai, sannan a sake ta ta tafi ba ta bar komai ba. Abin da take fitarwa yana da kyau matuƙa. Kuɗin injinta da wutar da take ci sun fi ƙarfin ƙauye, don haka na bar ta nan.

Yanzu sai lissafi, kuma shi ne inda yawancin masu zumuɗi ke sanyi. Ɗanyen tsauri kan bayar da mai wajen kilo 3 zuwa 5 a kowace tan. Wato in ka cika tukunya da kilo 100 na ciyawa, ka hura wuta awa uku, abin da za ka samu bai wuce rabin kilo ba. Ɗanyar ɗaɗɗoya sau da yawa ba ta kai haka ba. Busasshiyar citta kan ba da kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Kanumfari ne mai yalwa, kashi 15 zuwa sama, amma ba mu noma shi, daga Zanzibar da Madagaska da Indonesiya yake zuwa, don haka wanda ya sayo shi a kasuwa ya tatsa da wuya ya mayar da kuɗinsa. Furen wardi kuwa sai an tara tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma, da ya ga kwalbar lita guda ta man na'a-na'a zalla a farashin man gyaɗa ya san akwai magana.

Daga wannan lissafi abubuwa biyu ke fitowa. Ganye kaya ne mai cika mota ba nauyin kuɗi, kuma yana lalacewa a hanya, saboda haka tukunya ce ke zuwa gona. Sannan aikin na cin wuta da ruwa. A Madagaska tatsar ganyen kanumfari ta ci itace mai yawa, haka tatsar furen ilang-ilang a tsibiran Komoros, har abin ya zama damuwa ga dazuzzukansu. Mu da hamada ke matsowa ba mu da itacen da za mu yi wannan wasa da shi. A nan ne nake ganin ƙasar rake ta fi wasu wurare dama. Tuƙa tana nan tuli, masu ginin murhun mazarƙwaila sun san yadda ake sa wuta ta ci da kyau, fadamar da ke shayar da rake za ta shayar da na'a-na'a ta kuma sanyaya bututu, ganyen da aka gama turarawa kuma in ya bushe shi ma makamashi ne ko taki.

Misalin da ya fi kama da mu yana jihar Uttar Pradesh ta Indiya, a gundumar Barabanki da maƙwabtanta. Ƙananan manoma ne ke dasa na'a-na'a da bazara, tsakanin girbin dankali ko alkama da shukar shinkafa, su yanke bayan wata uku zuwa huɗu, su kai tankin tatsa da ke bakin gona. Wanda ba shi da tanki ya biya mai shi, kamar yadda muke kai hatsi injin niƙa. Cibiyar binciken tsirran magani da ƙamshi da ke Lucknow ce ta riƙa samar musu da iri mai yawan mai. Da haka Indiya ta zama kan gaba a duniya wajen man da ake fitar da mantol daga gare shi, wanda ke cikin man goge baki da man zafi da alewar tari da ke shagunanmu. Su ma ba su tsira daga wahala ba, domin kamfanonin Jamus na haɗa mantol a masana'anta, farashi kuma yana hawa yana sauka.

Abin da ya sa na fi karkata ga ƙaramar tukunya ta haɗin gwiwa shi ne abin da muka gani da idonmu. Masana'antar tumatir ta Ikara, da aka kafa a farkon shekarun 1980, ta shafe shekaru masu yawa a rufe alhali tumatir na ruɓewa a kwanduna. Masana'antar sarrafa citta ta Kachia ita ma ta daɗe ba ta yin aikin da aka gina ta dominsa, cittar kudancin Kaduna kuma, wadda duniya ke yabon ƙamshinta da yajinta, a busasshe take fita a tatse ta a wata ƙasa. A 2023 ma cuta ta faɗa wa gonakin cittar ta yi mummunar ɓarna, wanda ya nuna haɗarin jingina babban inji a kan amfanin gona guda. Tukunyar da mutum goma suka haɗa kuɗi suka ƙera, in na'a-na'a ta ƙi za ta turara tsauri, in tsauri ya ƙare ta turara ganyen itacen turare da ke jere a bakin hanyoyi.

Amma a ƙera ta da kyau. Ƙarfe mara tsatsa ko jan ƙarfe ake so. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko fenti ba ya shiga wannan aiki ko an wanke shi sau goma, kuma kada a yi liƙi da darma. Bututun fita ya kasance a buɗe koyaushe, domin tukunyar da tururi ya rasa mafita bam ce. Man da aka samu a zuba shi a kwalbar gilashi mai duhu, a cika ta har wuya, a toshe, a ɓoye daga rana. Roba narkewa take yi, haske da iska kuma suna lalata man. Ruwan da aka raba da man shi ma kada a zubar, yana da sassauƙan ƙamshi, masu sabulu da kayan kwalliya na amfani da shi, sai dai ba ya daɗewa.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta sha. Saboda ganyen na miya ne, mutane na ɗauka mansa ma abinci ne. Cokali ɗaya na man ɗaɗɗoya ya tattara abin da ke cikin ganye mai cika kwando. Man kanumfari zalla yana ƙona dasashi, kuma yaro in ya sha yana iya taɓa masa hanta. Man itacen turare kaɗan ya isa ya sa ƙaramin yaro jijjiga. Ba a shafa irin waɗannan a fata sai an sirka ɗigo kaɗan cikin man shafawa mai yawa, ba a kusantar da su hancin jariri, mai juna biyu kuma ta tambayi likita.

Kafin a sayi ƙarfe, a nemi mai saye. Masu sabulu da man shafawa da masu haɗa turare na Kano da Kaduna da Zariya su ne kasuwar kusa, kuma mafi yawan ƙamshin da suke amfani da shi yanzu daga waje ake shigo da shi, wani ma haɗin masana'anta ne mai arha, wanda da shi za a yi gogayya. Babban mai saye ba ya yarda da hanci, takardar awo yake nema, wadda ke nuna kashi nawa na sinadarin da yake so ke cikin man. A tsauri, misali, ana son sinadarin ƙamshin lemon ya kai wajen kashi 75 cikin 100. Sa'ar da muka yi ita ce Zariya na kusa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa. Abin da za a sayar a kwalba da suna kuma sai ya bi ta hannun NAFDAC.

Da ni ne mai fadama a Nasarawan Doya, da kunya biyar zan ware a gefen rake in dasa tsauri, in yanke shi bayan wata huɗu zuwa shida, in auna nauyin ciyawar kafin ta shiga tukunya, in auna man da ya fito, in rubuta tuƙa nawa wutar ta ci da awa nawa aka yi. Sai in ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba mai duhu, in manna mata takarda da sunan ciyawar da ranar yanka, in sa a aljihu in hau motar Zariya.